Gyaran Akwatin Tsohon Injin Finbol a Gida: Nazarin El Dorado na 1975

Injin finbol dogon akwati ne na katako mai ƙafa huɗu, a ɗan kishingiɗe, samansa rufe da gilashi. Mai wasa yana harba ƙaramar ƙwallon ƙarfe, sannan ya riƙa tare ta da 'yan filafilai biyu don kada ta zurare ƙasa. Gidan wannan sana'a shi ne birnin Shikago na Amurka, inda Gottlieb da Bally da Williams suka shafe shekaru suna gogayya. Wanda za mu duba a nan shi ne El Dorado, na kamfanin Gottlieb, wanda ya fito a 1975. Ed Krynski ne ya tsara filin wasansa, Gordon Morison ya yi zanen. Na mutum ɗaya ne, yana da alluna 15 masu nutsewa idan ƙwallo ta buge su, kuma ba shi da kwamfuta ko kaɗan, sai rile (makunnai masu aiki da maganaɗisun lantarki) da ƙaramin injin juyi na lantarki da wayoyi. Kansa, wato akwatin da ke tsaye a ƙarshensa na baya, faffaɗa ne a sama, tsukakke a ƙasa, abin da ya sa masu tara irinsa ke kiransa "wedgehead".

An ƙera waɗannan injuna ne don su yi 'yan shekaru a mashaya ko shagon wasa suna haɗiyar kwabbai, daga nan a jefar. Babu wanda ya yi wa katakonsu tanadin shekara hamsin.

Halin da akwatin yake ciki

Injin ya daɗe a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, an cire masa ƙafafu an jingine shi tsaye a kan bayansa, a kan siminti. Wannan ita ce ajiyar da ta fi kashe akwatin finbol, domin siminti yana gumi, filawud kuma yana shan ruwa ta bakin da aka yanka. Allon baya ya kumbura, fallayensa sun rabu har ana iya zura farce tsakaninsu. Allon ƙasa ya lotsa a tsakiya saboda nauyin taransifoma da danshi. Kusurwar gaba ta dama ta buɗe kamar milimita 4, ramukan boltin ƙafa a wurin sun zama kamar ƙwai maimakon zagaye. Wani ya taɓa shafa wa gaban da gefe ɗaya fentin ruwa na ɗaki, ruwan ƙasa, da burushi. Ɗaya gefen yana da fentinsa na asali, amma ya yi 'yan siraran tsage masu bin jijiyar katako daga gaba har baya. Da an buɗe ƙofar kuɗi, warin funfuna ne ke fara tarbar mutum.

Tambayar farko ita ce ko ma ya dace a sake fentin. Fentin asali mai 'yan ƙujewa ya fi sabon fenti daraja a wurin masu sanin abin, kuma sau da yawa wanki da ɗan cike-cike sun isa. A nan ba haka ba ne: rabin zanen yana ƙarƙashin fentin ɗaki, katakon kuma yana bukatar gyaran da zai cinye fentin kusurwoyi ko an so ko ba a so ba. Sai aka yanke shawarar a kankare duka.

Kwancewa

Gilashin baya mai zane, wanda ke jikin kan, shi ake fara cirewa, a jingine shi tsaye a busasshen wuri, kada a taɓa gefen da tawada take, domin tana ɓarewa. Sai gilashin sama, mai inci 21 a 43, sannan ƙwallon. Wayoyin kai suna haɗuwa da na jiki ta wasu filogai masu jerin haƙora da ake kira Jones. A sa wa kowanne lamba da tef a ɓangarorin biyu kafin a zare, a kuma ɗauki hoto. Bolti huɗu ke riƙe da kan. Filin wasa da allon injin da ke kwance a ƙasan akwatin kowanne yana fita ɗungurungum, kuma allon injin aikin mutum biyu ne. Kowane rukunin sukurori ya shiga ledarsa da rubutu.

Wurin da aka fi yin ɓarna shi ne dogayen ƙarafan da ke rufe bakin gefe biyu. Da ƙusoshi masu murɗaɗɗen jiki aka kafa su, kuma idan aka ɓanɓaro ƙarfen da ƙarfi zai lanƙwashe, lanƙwasar da ba ta miƙewa. A zura siririyar wuƙar shafa fila (kwaɓin cike ramuka) a ƙarƙashin ƙarfen dab da ƙusar, a ɗaga kaɗan, a saki. Kan ƙusar zai ɗan fito. A kama shi da ƙaramar filaya a murɗa hagu ana ja. Takardun da ke manne a ciki, da lambar injin da aka buga a jikin katako, a rufe su da tef da kwali. Idan fila ta cike wannan lamba, injin ya rasa shaidarsa.

Ɗaukar shaida kafin samfefa ta taɓa komai

Wannan shi ne matakin da ba ya dawowa. Duk abin da ba a kwafa ba yau, gobe ƙura ne.

Gefen da ke da fentin asali shi ne malamin. An wanke shi, aka shimfiɗa farar leda mai kauri wadda ake gani ta cikinta, aka manne ta da tef daidai da bakin sama da bakin gaba, domin waɗannan bakuna biyu su ne ma'aunin da za a dawo da zanen a kansu. Aka bi gefen kowane launi da siririn alƙalami, launi ɗaya leda ɗaya. Zanen wancan gefen kishiyar wannan ne, kamar a madubi, don haka juya ledar ya wadatar. Gaban akwatin shi ya ba da wahala. Fentin ruwa yana laushi da barasar goge-goge, fentin masana'anta kuma ya fi shi jurewa, don haka aka riƙa jiƙa tsumma ana ɗorawa na 'yan mintuna ana kankarewa da katin roba, tafin hannu bayan tafin hannu, har layukan suka bayyana. Ba a neman su fito da kyau, a dai ga inda suka bi.

Launin da ido ke gani a jikin akwatin ba shi ne na asali ba. Rana da hayaƙin taba sun canja shi. Na gaskiya yana ɓoye a inda ƙafa ta rufe, da ƙarƙashin ƙarfen gefe, da bayan firam ɗin ƙofar kuɗi. Can ake gwada launi, da rana, ba a hasken ƙwan lantarki ba. A can ne kuma ake ganin adon da ke kan farin. Gottlieb ta yi amfani da iri biyu a zamani daban-daban: yayyafin ƙananan ɗigo, da wasu siraran zare masu kama da yanar gizo-gizo. A ɗauki hoton wurin da rula a gefe, don a san girman ɗigon da yawansa a inci ɗaya. Akwai wani abu da ya kamata a duƙa a kalla da kyau: bakin kowane launi ba kaifi gare shi ba, yana da ɗan hazo kamar na milimita ɗaya ko biyu. Dalili kuwa, a masana'anta faifan ƙarfe mai huji ake karawa a jikin akwatin a fesa, fentin kuma yana ɗan kutsawa ta ƙarƙashi. Za mu dawo kan wannan hazo.

Kankarewa

Sai a 1978 Amurka ta hana dalma a fentin gida, wannan injin kuwa ya girmi dokar. A gwada fentin da abin gwajin dalma, ko a ɗauka kawai yana da ita. Aikin a waje ake yinsa, da takunkumi mai matatar P100 da ke tare ƙura mai laushi, da injin samfefa mai haɗe da na zuƙar ƙura, yara kuma nesa da wurin. Kayan da aka sa a jiki kada su shiga wankin gida.

Samfefa mai lamba 80 ta cire fenti, 120 ta share sawunta. Fallen saman filawud siriri ne ƙwarai. Idan aka tsaya wuri ɗaya ko aka karkata injin a baki, za a huda shi a faɗa kan fallen da jijiyarsa ta gitta, wannan tabon kuma yana fitowa ta cikin fenti. Bakuna da hannu ake yinsu, da samfefa naɗe a guntun katako.

Aikin katako

Nan ne asalin gyaran yake. Kafin gam ya taɓa ko'ina, akwatin ya yi mako biyu a busasshen ɗaki da fanka, har ma'aunin danshi ya nuna ƙasa da kashi 12 cikin ɗari. Gam da fila a kan jiƙaƙƙen katako aikin banza ne.

Fallayen da suka rabu amma ba su ruɓe ba, an buɗa su da bakin wuƙa, aka ɗura gam ɗin kafinta da sirinji har ya tsattsafo, aka sa leda, aka dafa da miƙaƙƙun katakai biyu ciki da waje, aka matse da kilam, wato ƙarfen matse katako, na awa 24. Katakan dafin su ke sa wurin ya koma shafe; kilam kaɗai zai bar kwarmi. Inda katakon ya yi laushi kamar burodi, an kankare shi har zuwa mai ƙwari, aka shayar da sauran da efoksi mai ruwa-ruwa, wato gam mai haɗi biyu da ke daskarewa ya yi tauri.

Kusurwar da ta buɗe tana bukatar haƙuri. Sabon gam ba ya kama tsoho, saboda haka sai an kankare busasshen gam ɗin da ke cikin haɗin da guntun bakin zarton ƙarfe, an hure ƙurar. Sannan gam, sannan dogayen kilam biyu a faɗin akwatin. Kafin a matse, a yanka sanda daidai da faɗin cikin akwatin kamar yadda aka auna a lafiyayyen ɓangare, a kara ta a ciki. In ba haka ba kilam zai lanƙwaso gefunan, ranar haɗawa filin wasa ya riƙa gogar bango, gilashi ya ƙi zurawa. A auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarori biyu. Idan awon ya bambanta da fiye da milimita 3, akwatin ya murɗe, a gyara tun gam bai kama ba. A ciki aka ƙara sababbin katakai masu kusurwa uku da gam, a madadin tsofaffin da suka saki.

Kowace ƙafa bolti biyu ke riƙe ta, masu kaurin 3/8 na inci, suna ratsa kusurwar a karkace su shiga wani ƙarfe mai zare a ciki. Abin da ya buɗe kusurwar tun farko shi ne zaren wannan ƙarfe ya cinye, ƙafar ta riƙa girgiɗi, duk jijjigar da 'yan wasa ke yi wa injin tana sauka a kan katakon. Wanda ya gyara kusurwa ya bar tsohon ƙarfen, ya bar cutar a ciki. An sauya duka huɗun. Ramukan da suka faɗaɗa aka toshe su da zagayayyen katako da efoksi, aka sake hudawa a kan digiri 45, da guntun katako mai rami a matsayin jagora, domin hannu kaɗai ba ya riƙe wannan karkata.

Allon ƙasa yana zaune ne a cikin tsagi ta ɓangarori huɗu, tun ranar da aka harhaɗa akwatin, ba ya zarewa. An yanke shi daga tsakiya aka fitar da gutsattsarin, aka share leɓen tsagin na baya, aka zuro sabon filawud mai kauri daidai da tsagin, aka mayar da leɓen da siririn katako. Tsohon allon kada a yar da shi sai an kwafi ramukansa, na makunni da na iska.

Yanzu cike-cike. Bodi-fila irin ta masu gyaran mota tana da kyau ga ƙujewa da ƙananan ramuka a shafaffen wuri: kwaɓi kaɗan-kaɗan, domin minti huɗu zuwa biyar take bayarwa, a goge bayan kamar rabin awa. Amma a kusurwa ko baki tana da gautsi. A nan an fara gina wata gutsurarriyar kusurwa ta baya da ita, ta yi kyau a ido, sai da aka ɗaura ƙafa don gwaji ta tsage ta ɓalle kamar ɓawon ƙwai. Aka sake: aka huda 'yan ramuka a katakon don abin ya sami riƙo, aka yi shinge da katakai biyu masu rufin tef, aka zuba efoksi, ya kwana, aka fiƙe shi. Wannan gwajin ɗaura ƙafa kafin fenti ya cancanci rabin awar da yake ci.

Siraran tsagen nan masu bin jijiya su ma mayaudara ne. Bayan samfefa sai su ɓace, firaima, wato shafin farko kafin fenti, ta rufe su, bayan wata biyu su dawo ta cikin sabon fenti, domin fallen katakon ne ya tsage ba fentin ba. Maganinsu a shafe gefen gaba ɗaya da siririn efoksi, a matsa shi cikin tsagen da katin roba, a goge da 120 sannan 220. Cikin akwatin kuma, bayan an wanke funfunar ya bushe, shafi ɗaya na shelak, wani irin banish, yana kulle warin.

Fenti

Ga mai aiki da gwangwanin feshi masu giram 340, ƙiyasin jiki da kai shi ne firaima huɗu, fari shida, kowane launi biyu zuwa uku. Duka su zama na kamfani ɗaya, jinsi ɗaya. Fentin selulos a kan fentin mai yana cin na ƙasan ya yamutsa shi. Wurin aiki ya kasance tsakanin digiri 18 da 27, ba ranar ruwa ba, ba cikin rana tsaka ba.

Firaima shafi biyu, a goge da 320. A haska tocila a kwance a jikin katakon; duk kwarmin da ya rage zai yi inuwa. Farin kuma ba fari fat ba ne, a bi abin da aka gani a ƙarƙashin ƙafa, shafi uku marasa kauri.

Adon yana hawa kan farin ne kafin launuka. Idan ɗigo ne, burushi mai taurin gashi ya isa: a tsoma bakinsa kaɗan, a karce gashin da sanda daga nisan kamar rabin mita, hannu yana tafiya. A fara a kwali har girman ɗigon ya yi daidai da hoton nan mai rula. Kusan kowa yana cika shi da yawa a karon farko. Idan zaren gizo-gizo ne, sai da bindigar feshi da fentin selulos wanda ba a tsinka da tina ba, don ya fito yana ja kamar zare. Shi kuma dole farin da ke ƙasa ya zama mai jure shi.

Daga nan a bar farin ya yi mako guda cur. Ya bushe a hannu ba ya nufin ya ƙeƙashe.

Sitansil, wato faifai mai huji da ake fesa fenti ta cikinsa, iri biyu ne. Akwai na sitika da ake saya a yanke, mai sauƙin aiki, amma bakinsa kaifi ne kamar na reza, kuma yana barin ɗan tudu da yatsa ke ji. Akwai na kwali mai tauri ko allo mai milimita 3 da mutum ke yankawa daga ledar da ya kwafa. Ga injin wannan zamani na biyun ya fi dacewa, domin shi ke dawo da hazon nan na masana'anta. Akwatin El Dorado mai layuka kamar na kwamfuta da ƙyalli kamar mota yana da kyau, amma wanda ya san injin zai gane daga bakin ƙofa cewa ba haka ya fito ba. Ana kwantar da akwatin gefen yana kallon sama, a daidaita sitansil da bakin sama da na gaba, a danne gefen hujin da notuna da ƙananan ƙarafa. A yanka na hagu daban na dama daban. Juya wanda ya sha fenti yana ɓata farin.

Launi mai haske shi ke fara hawa. Gwangwani ya tsaya nisan santimita 25 zuwa 30, yana kallon katakon kai tsaye; idan aka karkata shi, hazon zai zama kwararo a ƙarƙashin kwali. Shafi biyu ko uku marasa nauyi, mintuna kaɗan a tsakani, sannan a ɗaga sitansil ɗin sama tsaye, ba ja ba.

Kuskure na biyu a nan ya faru, a gefen kai. Launi mai duhu bai rufe sosai ba a wani lungu, aka dawo bayan awa shida aka ƙara masa. Cikin minti biyu wurin ya tattare kamar fatar tsohuwar lemo. Irin wannan fenti yana da ƙa'ida a jikin gwangwaninsa: ƙari cikin awa ɗaya, ko bayan awa 48. A tsakanin nan saman ya yi fata, ƙasan yana ɗanye, sai ruwan sabon shafin ya ratsa ya kumbura shi. Gyaran ya ci kwana goma: jira ya ƙeƙashe, gogewa har firaima, fari, ɗigo, jira, sannan launukan.

Banish a kai ba dole ba ne, masana'anta ba ta sa ba. Wanda ke son kariya ya sa marar ƙyalli sosai, kuma ya guji banish mai mai, domin yana mayar da fari ruwan ɗorawa.

Mayarwa

Lokacin jiran fenti shi ne na ƙarafa. Ƙafafun Gottlieb na wannan zamani inci 31 ne. A jiƙa su a maganin tsatsa, a sa musu sababbin dunduniyoyi masu zare. Ƙofar kuɗi da ƙarafan gefe a goge su ana bin tsawonsu. Tsohuwar wayar wuta da ta bushe a sauya ta da mai ƙafa uku, haƙoran filogan Jones kuma a goge su har su yi haske, domin yawancin abin da ke ƙin aiki bayan haɗawa daga nan yake.

Ƙafafu kada su hau sai fentin ya yi mako uku. Bakin ƙarfen ƙafa yana nutsewa cikin ɗanyen fenti ya tura shi ya yi ƙunci, don haka a sa abin kariya na ƙarfe ko na tsumma mai kauri tsakanin ƙafa da katako. A ɗaure boltin har ƙafar ta daina motsi, a tsaya nan. Ƙarafan gefe su koma da sababbin ƙusoshi, a rufe kan guduma da tef. Aikin gaba ɗaya yana cin mako shida zuwa takwas, mafi yawansa jira.

Bayan kai da allon injin da filin wasa sun koma, a ɗora ma'aunin lebur a kan filin wasan kansa, ba a kan gilashi ba. Hagu da dama su daidaita, gangaren kuma ya zama kamar digiri 3.5, wanda shi ne na injunan rile. Na zamani ne ke son 6.5. Sai a saita ɗan ƙarfen da ke reto a cikin zobe, mai kama mai jijjiga injin, ya tsaya a tsakiya, tunda an taɓa gangaren. Bayan mako guda ana wasa, a sake bin boltin ƙafa takwas ɗin da sifana. Sabon katako da abin kariyar sukan ɗan kwanta, kowanne zai karɓi kamar kwatan juyi.